Ki fara da littafin da ke hannunki: amsa ga mai son shigar da bayanan littattafai a intanet

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayarki in na fahimce ta daidai guda uku ce kika cure wuri ɗaya. Kin ce kina ajiye lissafin karatunki a Goodreads, shafin nan na intanet da masu karatu ke jera littattafansu suna sharhi a kai, sai kika nemi wasu littattafai da ke kan kantarki kika rasa su kwata-kwata, ɗaya kuma kin same shi amma an jingina shi ga wani marubucin daban mai suna iri ɗaya da na ainihin mai shi, shi ne kike tambaya wai su wa ma ke zuba waɗannan bayanan, ke ma za ki iya shiga ne, in kuma kin shiga ta ina za ki fara don kar ki ɓata wa mutane aiki. Toh, ni aikin katalog na yi a laburare shekara da shekaru, wato zaman rubuta wa kowane littafi katinsa, daga baya na koma yin sa kai a irin waɗannan shafuka da daddare in na samu sarari, don haka zan faɗa miki yadda na san abin, ki yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Su wa ke zubawa? Kashi biyu ne. Mafi yawan bayanan ba mutum ne ya zauna ya buga su ba, kwamfuta ce ke kwaso su jibgi-jibgi daga wajen kamfanonin ɗab'i da dillalan littattafai da manyan laburarori, ta juye. Sai kashi na biyu, mutane irina da irinki, waɗanda ke bin bayan injin suna share ɓarnar da ya yi, suna kuma shigar da abin da bai taɓa gani ba, kuma ba wanda ke biyan su ko sisi. Goodreads ɗin da kike amfani da shi Otis Chandler da Elizabeth Khuri ne suka buɗe shi a farkon 2007, Amazon ta saye shi a 2013. Akwai LibraryThing na Tim Spalding wanda ya riga shi, tun 2005. Akwai Open Library da ke ƙarƙashin Internet Archive, wanda aka soma a 2006, marigayi Aaron Swartz na cikin waɗanda suka assasa shi, burinsu wai kowane littafin da aka taɓa bugawa a duniya ya samu shafinsa guda. Sai StoryGraph na Nadia Odunayo da ya zo a 2019, sai Wikidata da aka buɗe a 2012. Kowanne da ƙofarsa. A Open Library da kin buɗe akawun shi ke nan za ki iya gyara, kuma duk abin da kika taɓa yana nan a tarihin shafin ana iya mayar da shi yadda yake. A Goodreads kuwa sai kin nemi matsayin da suke ba wa 'yan sa kai, wanda sharaɗinsa da aka daɗe da sani shi ne a ga littafi 50 a kantarki ta shafin, in ba ki da matsayin sai ki kai buƙatarki gun masu shi su gyara miki.

Don ki san nauyin waɗannan mutanen, a watan Janairun 2012, kafin cinikin nan, Goodreads ya daina amfani da bayanan Amazon saboda sharuɗɗan da aka gindaya masa, littattafai masu ɗimbin yawa suka tashi zama ba suna ba marubuci ba bango, 'yan sa kai ne aka roƙa suka duƙufa suna sake cike su ɗaya bayan ɗaya daga wasu majiyoyin. Ke nan ba ƙaramin gurbi kike neman shiga ba.

Yanzu ga abin da in kin riƙe shi kin riƙe rabin sana'ar. Kalmar "littafi" a bakinmu abu biyu take nufi kuma masu karatu ba sa rabewa. Akwai shi aikin, labarin ko ilmin da marubuci ya ƙirƙira, akwai kuma bugu, wato wannan takamaiman abin da wani kamfani ya fitar a wata shekara da bango kaza da shafi kaza. Aiki ɗaya zai iya samun bugu ɗari, mai tauri, mai bangon takarda, na Kindle wato na'urar karatu ta Amazon, na sauraro, fassarar Larabci, fassarar Faransanci, bugun manyan baƙaƙe na masu raunin gani. Duk waɗannan a gindin aiki ɗaya ya kamata su zauna domin sharhin mutane da taurarin da suka bayar su haɗu wuri guda, amma kowane bugu da nasa katin daban. Masana laburare sun tsara wannan a wani rahoton 1998 na IFLA, ƙungiyar laburarori ta duniya, su har hawa huɗu suka raba shi, amma ke biyun nan sun ishe ki. In kin leƙa Open Library ma za ki ga abin a fili a lambobinsu, ta aiki tana ƙarewa da W, ta bugu da M, ta marubuci da A.

Kuskuren sabon shiga kusan kullum a nan yake. Ta ɗauko littafinta ta ga nata shafi 312 ne, a intanet an rubuta 288, sai ta ce ai sun yi kuskure ta goge ta sa nata, alhali ba kuskure ba ne, wancan bugun wani ne daban, yanzu ta lalata katin mutanen da ke riƙe da mai 288 ɗin. Abin da ya dace ta yi shi ne ta duba jerin bugun, in babu nata ta ƙirƙiri sabon kati ta haɗa shi da aikin. Sai kuma akasin haka, a ga take ya bambanta a ce ai littattafai biyu ne. Misalin da kowa ya sani, littafin Harry Potter na farko ya fito a Ingila a 1997 da wani take, da ya je Amurka a 1998 aka canza kalma ɗaya a taken, aiki ɗaya ne, haɗe su ake yi. Amma kuma in aka ɗauki dogon labari aka taƙaita shi don yara, ko aka mayar da shi labarin zane, wannan ya zama wani abin, ba a cusa shi cikin na asali.

To ina za ki samo gaskiyar bayanin bugu? A jikin littafin, gani ya kori ji. Kuma ba a bango ba. Bango talla ne, mai zane na iya yanke ƙaramin take ko ya ƙara "labari mai ratsa zuciya" wanda ba ya cikin sunan littafin. Ki buɗe ki wuce shafin farko har ki kai shafin take, wanda ke ɗauke da cikakken suna da sunan marubuci da tambarin kamfani a ƙasa, shi ne shaida. Sannan ki juya bayansa, shafin nan mai ƙananan rubutu da ba wanda ke karantawa, a nan arzikin yake: shekarar haƙƙin mallaka, garin da aka buga, sunan mai fassara, taken asali in fassara ce, wanda ya zana bango, da ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane bugu. Sau da yawa za ki ga wani layin lambobi a can ƙasa kamar 10 9 8 7 6 5 4, to lambar da ta fi ƙanƙanta ita ke gaya miki karo na nawa ne aka maimaita buga shi, a nan karo na huɗu ke nan, duk sanda aka koma injin sai a kankare lamba ɗaya. Maimaita bugu ba tare da an canza komai ba ba ya zama sabon bugu, kar ki buɗe masa kati.

Shekara tana da tarko da yawa. Za ki ga haƙƙin mallaka 1962 amma abin da ke hannunki an buga shi a 2004, to 1962 ta tafi gurbin fitowar farko ta aikin, 2004 ta tafi katin bugun. Tsofaffin littattafai na rubuta shekara da lambar Romawa, MCMLXII ita ce 1962, ki zauna ki warware ta a hankali kar ki yi cinta. Littattafan Larabci da yawa shekarar Hijira suke sawa, na sha ganin an kwafi 1420 an zuba a gurbin Miladiyya, sai littafin da aka buga tsakanin 1999 da 2000 ya tashi ya girmi injin ɗab'i na Gutenberg. Na ƙasar Tailan kuma shekarar addinin Buda suke bi wadda ta wuce Miladiyya da 543. Sannan in kin ga kati an rubuta 1 ga Janairu, kar ki yi saurin gaskatawa, galibi injin ne ya cike gurbin wata da rana da kansa don an ba shi shekara kaɗai. In shekara kawai kika sani, shekara kawai za ki sa.

Bari in ɗan tsaya a kan ISBN don mutane na ɗaukarsa kamar ba ya ƙarya. Asalinsa a Birtaniya ne a shekarun 1960, wani farfesa Gordon Foster ya tsara lamba tara don dillalan littattafai na WHSmith, a 1970 aka mayar da ita ma'aunin duniya mai lamba 10, daga 1 ga Janairun 2007 kuma ta koma lamba 13 da ke farawa da 978 ko 979. Kinga duk littafin da aka buga kafin a ƙirƙiro wannan lamba ba shi da ISBN kuma ba laifi ba ne, haka ma da yawa daga waɗanda marubuta ke bugawa da kansu, a bar gurbin fayau, kar ki aro na wani bugun ki liƙa masa. Bayan 978 ɗin akwai lambar yanki ko harshe, 0 da 1 na ƙasashen Ingilishi, 2 Faransanci, 3 Jamusanci, 4 Japan, 7 Sin, sai lambar kamfani, sai ta littafin, sai ta ƙarshe wadda mai gadi ce. Ga yadda take gadin. Ɗauki 978-0-306-40615-7. Ki bar lamba ta farko yadda take, ta biyu ki ninka sau uku, ta uku yadda take, ta huɗu sau uku, haka har goma sha biyun farko: 9, 21, 8, 0, 3, 0, 6, 12, 0, 18, 1, 15. Jimla 93. Nawa ya rage ta cika 100? Bakwai. Ga 7 nan a ƙarshe, lamba ta yi daidai. Shi ya sa in yatsanki ya zame kika buga lamba ɗaya ba daidai ba manhaja ke ce miki a'a. A tsohuwar mai lamba 10 lissafin da 11 ake yi, shi ne dalilin da za ki ga wata ta ƙare da X, wannan X ɗin goma yake nufi ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Amma mai gadin nan iyakarsa ya tabbatar an buga lambar daidai, bai san ko ta wannan littafin ce ba. Kamfanoni na sake bango su bar tsohon ISBN. Wasu ƙananan maɗaba'u na sayen lamba ɗaya su manna wa littattafai uku mabambanta, na gani da idona, littafin lissafi da na waƙoƙi lamba ɗaya. Wani lokaci na bayan bango ya saɓa da na ciki. In kin ci karo da irin wannan ki rubuta shi a gurbin bayanin masu gyara yadda na bayanki zai gane, kar ki goge tsohon bango ki ɗora naki, akwai wanda tsohon ne a hannunsa. Lambar nan kuma mai farawa da B0 da kike gani a littattafan Kindle ba ISBN ba ce, ASIN ce, ta Amazon ce ita kaɗai, gurbinta daban.

Sai mu zo kan ciwon da ya kawo ki, marubuta masu suna ɗaya. Injin ba ya sanin mutum, harufa yake gani, duk mai wannan jerin harufan sai ya tara su a tukunya ɗaya, likitan ƙashi da marubuciyar soyayya da wani limamin coci da ya rasu shekara ɗari da suka wuce. Abin ba sabo ba ne. Akwai Winston Churchill biyu a zamani guda, ɗaya Ba'amurke marubucin labarai da ya yi tashe sosai a lokacinsa, ɗaya Baturen Ingila wanda daga baya ya zama firaminista, har sai da na Ingilan ya rubuta wa takwaransa wasiƙa a 1899 ya ce shi zai riƙa ƙara Spencer a sunansa don a rabe, shi ya sa kike ganin Winston S. Churchill a littattafansa. Laburarori suna rabewa da shekarar haihuwa da ta rasuwa a gaban suna. LibraryThing na raba shafin marubuci gida-gida da lamba, na 1, na 2, na 3. Goodreads kuwa dabararsa abin dariya ce, ƙarin tazara ake sawa a tsakanin sunayen, wannan tazara ɗaya, wancan biyu, wani har biyar, ido ba ya gani amma kwamfuta na ganin su daban, don haka in kin ga suna da gibi mai faɗi a wajen gyara kar ki ce bari in daidaita, da kin matse shi kin kwashe littafin kin kai gidan wani.

Ni ma garin gyaran gira na taɓa cire ido. Farkon shigata na tarar da shafuka biyu masu suna ɗaya, dukkansu da littattafan tarihi, na ce ai mutum ɗaya ne aka raba shi biyu, na haɗe su, har na ƙara da shekarar rasuwa da na gani a wani shafin na ji daɗi na yi aiki na kwanta. Bayan 'yan makonni sai ga saƙo daga wata 'yar sa kai, cikin ladabi kuwa, wai uba ne da ɗa, uban ne ya rasu, ɗan yana nan da ransa har yana shirin fitar da sabon littafi. Haɗewa daƙiƙa biyu ta ɗauke ni, rabewa ta ci min dare uku ina bin littattafan ɗaya-ɗaya ina duba wanne ne na wa. Abin da ya fi ci min rai shi ne na riga na ga shekarar rasuwar nan tawa ta ɓulla a wani shafin daban da ba ni da ikon gyarawa, sun kwafa daga inda na rubuta. Shafukan nan kwafar juna suke yi, na farko ya yi kuskure na biyu ya ɗauka na uku ya ɗauka, gobe wani ya zo ya ce ai wuri uku na gani, alhali bakin mutum ɗaya ne. Tun daga ranar in ban tabbatar ba gurbi nake bari, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kina son tantance marubuci akwai inda ake dubawa. VIAF na tattara sunayen da manyan laburarorin ƙasashe suka tantance ya haɗa su a lamba ɗaya, WorldCat zai nuna miki waɗanne laburarori ke da littafin da yadda suka rubuta katinsa, akwai ISNI mai lamba 16 da ake ba mutum shi kaɗai, Wikidata ma kowa da lambarsa mai farawa da Q. Ba wai ba sa kuskure ba, suna yi, amma in biyu daga cikinsu sun yi daidai da ɗan tarihin marubuci da ke bayan littafinki to hankali ya kwanta. Ki duba shekaru ma, wanda aka haifa a 1985 ba zai buga littafi a 1979 ba, wannan ɗan lissafin kaɗai na warware rikici da yawa.

Rubutun suna kuma, ki kwafe shi yadda yake a shafin take, da ƙugiyarsa da ɗigonsa, ko ɗ ce ko ƙ ko é ko ñ, sannan ki sa wanda ba ƙugiya a gurbin sauran sunaye don mai nema ya same shi. Sunayen da aka juyo daga Larabci ko Rashanci su ne masu wahala, mutum ɗaya a same shi Muhammad a wannan bugun, Mohammed a wancan, Mohamed a fassarar Faransa, duk shafi ɗaya ya kamata su nuna. Dakta da Farfesa da Shehi ba sa shiga gurbin suna a yawancin shafukan, ba raini ba ne, don kar mutum ya rabu biyu ne ranar da ya samu ƙarin girma.

Sunan alƙalami shi ma da ladabinsa. Wanda duniya ta riga ta sani, kamar George Eliot da ainihin sunanta Mary Ann Evans, ko Mark Twain wato Samuel Clemens, littafin na zama a sunan da aka buga shi da shi sai a yi nuni zuwa ɗayan. Akwai kuma sunan da ba na kowa ba ne, kamfani ne ya ƙirƙira marubuta da yawa suka yi ta rubutu a ƙarƙashinsa, Carolyn Keene misali, kar ki je neman ranar haihuwarta. Amma marubuciyar da ke raye ta ɓoye sunanta da gangan, ke kuma kin san ta ko kin ji a bakin wani, ba hurumin ki ba ne ki tona, ba ki san me take gudu ba. Haka adireshin gida, lambar waya, sunan yara, rashin lafiya, rabuwar aure, duk ba kayan katalog ba ne. Hoton marubuci ma yana da mai shi, ba kowanne kika gani a Facebook za ki ɗauko ki ɗora ba. Bango dai mafi sauƙi ki ɗauki hoton naki da kanki, a miƙe, da haske, ba yatsa a gefe.

Wata alfarma da nake roƙon duk sabon shiga, ki riƙa sa mai fassara. Shi aka fi mantawa, alhali fassara biyu na aiki ɗaya kan bambanta kamar dare da rana, mai karatu na da haƙƙin sanin wacce yake shirin saya. Haka mai zane a littafin yara, haka mai karantawa a na sauraro, kowa da rawarsa a rubuce, marubucin asali a farko. Gurbin bayanin littafi kuma ba wajen sharhi ba ne, abin da ke bayan bango ake sawa ko taƙaitawa maras son rai, "wallahi ya sa ni kuka" ki kai shi sharhinki, kuma don Allah kar ki tona ƙarshen labari a wurin.

Yanzu ma an samu sabuwar fitina, littattafan bogi da ake sa manhajar AI ta rubuta a manna sunan sanannen marubuci. A watan Agustan 2023 wata marubuciya Ba'amurkiya, Jane Friedman, ta tarar da littattafan da ba ta rubuta ba ɗauke da sunanta a Amazon, har sun hau shafinta na Goodreads, sai da ta yi ta ƙorafi a fili aka cire. Injin da ke kwaso bayanai ba zai gane ba, mai karatun da ya san marubucin ne zai ce anya, wannan bai yi kama da alƙalaminta ba, ya je ya duba jerin littattafanta a shafinta na kanta.

Ra'ayina kan inda za ki zuba wahalarki, tunda ba ki tambaya ba amma zan faɗa. Goodreads ya fi jama'a, gyaranki a can ya fi saurin amfanar mutane, sai dai ki sani kayan kamfani ne, abin da kika shigar ya zama nasu, a ƙarshen 2020 ma sun daina ba masu haɗa manhaja sabuwar hanyar jan bayanansu. Shelfari, wani shafin masu karatu irinsa da mutane suka yi shekaru suna ginawa, an rufe shi a 2016 aka ce su koma Goodreads. Open Library kuwa na sakin bayanansa kowa ya sauke kyauta, Wikidata ma haka ba haƙƙin mallaka a kansu. Ni littafin da na san ba kowa ke da shi ba, ƙaramin bugu ko tsoho maras ISBN, Open Library nake fara kai shi sannan in kai sauran, kuma lokaci-lokaci ina sauke kwafin kantata in ajiye a kwamfuta. In kin fi son aikin tono, a LibraryThing akwai masu bin tsofaffin takardu suna sake gina laburaren mutanen da suka shuɗe, sun fara da na Thomas Jefferson a 2007, mutumin da ya sayar wa majalisar Amurka littafi 6,487 a 1815.

Littattafan nan naki da kika rasa, ga yadda za ki yi da su. Kafin ki ce babu, ki nema sau uku, da ISBN ba tare da ɗan layin tsakani ba, da take kaɗai, da sunan marubuci a rubutu daban-daban, don kati biyu na bugu ɗaya shi ma ɓarna ce da wani zai zo sharewa. In da gaske babu, ki ɗauki hoto huɗu, bangon gaba, bangon baya, shafin take, da bayansa, ko ke za ki shigar ko wani za ki roƙa waɗannan ne hujjarki. Ki karanta littafin dokokin shafin tukuna don kowanne da yadda yake son a rubuta jerin littattafai masu kashi-kashi da yadda yake ƙirga shafi, wasu lambar ƙarshe da aka buga suke ɗauka, tallan wasu littattafai da ke can baya ba ya shiga. Shi kuma wanda aka kai gidan takwara, kar ki taɓa shafin takwaran, littafin kaɗai za a ɗauke a mayar wa mai shi, ki haɗa da hoton ɗan tarihin marubucin da ke bayan bango in akwai. In kin ɗauki hotunan ki turo min na bayan shafin take ɗin, mu duba shekarar tare kafin ki danna ajiye.